Yatsu uku, mabuɗi ɗaya: a ina ƙwaƙwalwa take ɗinke abin da hannu ya taɓa?

Ɗalibi_Sabo:
Assalamu alaikum malamaina. Mutum ya zura hannu a aljihu bai duba ba, yatsunsa suka ci karo da mabuɗi. Babban yatsa ya samu kan nan mai faɗi, ɗan ali ya samu haƙoran, na tsakiya sanyin ƙarfe kawai ya ji. Kowane yatsa da guntun labarinsa. Amma mai hannun ba ya cewa "na ji faɗi, na ji kaifi, na ji sanyi", cewa yake "mabuɗi ne", kafin ƙiftawar ido. To a ina ake ɗinke guntayen nan? A fahimtata dole akwai wuri guda a ƙwaƙwalwa inda duk saƙon taɓi yake taruwa a yanke hukunci. In na kauce a dawo da ni hanya.

Baban_Lab:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da fata tukuna, don tun daga nan aka yayyaga labarin. A fatar tafin hannu da yatsu, wadda ba ta da gashi, akwai zaruruwan jijiya wajen 17,000 masu ɗaukar saƙon taɓi, kuma kashi huɗu ne. Na Merkel suna kusa da sama, ba sa yin shiru muddin abu na danne da fata. Su ke zana gefe da kusurwa da ɗigo, wato haƙoran mabuɗinka. Na Meissner su ma a sama suke, amma sai abu ya sauka, ko ya motsa, ko ya ɗaga suke magana, da su ake gane cewa abu ya fara sulɓewa daga hannu. Na Pacini suna can ciki, ba ruwansu da dannawa mai tsayawa, karkarwa suke saurara, kuma sun fi kaifi a wajen sau 250 a sakan. Na Ruffini miƙewar fata suke bi. Zafi da sanyi da ciwo ba su cikin huɗun nan, zaruruwansu daban ne, sirara. Ka ga sanyin ƙarfen da siffar ƙarfen ba a mota ɗaya ma suka taso ba.

Dakta_Laka:
Kuma ba titi ɗaya suka bi ba, Baba. Saƙon siffa da karkarwa da matsayin gaɓoɓi yana shiga laka ya haura ta bayanta, a ɓangaren da ya shigo. Sai ya kai gindin ƙwaƙwalwa yake tsallakawa ɗaya ɓangaren, ya yada zango a talamus, wato tashar saƙonni da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya ƙarasa ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗarta ta waje. Zaruruwan masu kauri ne, suna gudun mita 30 zuwa 70 a sakan. In aka ɗan ba jijiyar wuyan hannu wutar gwaji, amsar farko tana bayyana a ɓawon ƙwaƙwalwa bayan milisakan 20 ko kusa da haka (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Saƙon zafi da sanyi da ciwo kuwa tun cikin laka yake tsallakawa, gaɓa ɗaya ko biyu daga inda ya shiga, kuma wasu zaruruwansa ba sa wuce mita 2 a sakan. Shi ya sa wanda rabin lakarsa ya yanke yake rasa jin karkarwa da sanin inda ƙafarsa take a ɓangaren raunin, amma jin zafi da ciwo a ɗaya ƙafar yake rasa shi.

Ɗalibi_Sabo:
Likita ai wannan ya ƙara wa maganata ƙarfi. In sun rabu haka, dole su haɗu. Ba taswirar nan ta Penfield ba ce mahaɗar?

Gyara_Kayanka:
A'a. Taswirar da Wilder Penfield da Edwin Boldrey suka fitar a 1937 a Montreal ta samu ne daga marasa lafiya da ake yi wa aikin ƙwaƙwalwa idonsu biyu. Ana taɓa ɓawon da 'yar wuta kaɗan a tambaye su me suka ji. Abin da suke faɗi shi ne tsikari ko zirr-zirr a leɓe, a yatsa, a harshe. Taswirar tana gaya maka wane wuri aka taɓa a jiki, da cewa hannu da leɓe sun kwashe fili fiye da baya da cinya. Ba ta gaya maka mene ne aka taɓa. Kuma a daina cewa "taswirar", don ba ɗaya ba ce. Zirin da ke bayan babban tsagin tsakiyar ƙwaƙwalwa yanki huɗu ne a jere, 3a da 3b da 1 da 2 a lambobin Brodmann da ake kiran yankunan ɓawon da su, kowanne da tasa taswirar jiki.

Baban_Lab:
Gyara ya faɗi daidai, kuma a nan amsar ta fara. Yankin 3a yawanci daga tsoka yake karɓa. Yankin 3b daga fata, kuma kowace ƙwayar jijiya a can ɗan fili take gadi, galibi a kan yatsa ɗaya. Da yawansu ma suna da zaɓi: gefen abu in ya kwanta a tsaye su amsa, in ya kwanta a gicciye su yi gum. A yanki na 1 filin da ƙwaya ke gadi ya faɗaɗa, ana samun masu kula da inda abu ya nufa yayin da yake goga fata. A yanki na 2 ƙwaya ɗaya tana sauraron yatsu da yawa lokaci guda, kuma tana haɗa wannan da labarin yadda gaɓoɓin yatsun suka lanƙwasa. Daga nan sai yankin taɓi na biyu, wanda ke ɓoye cikin tsagin gefen ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyi da dama ke amsa wa hannu biyu duka, sai kuma yankuna na 5 da 7. Gwajin Randolph da Semmes a kan birai a 1974 ya nuna tsanin nan ƙarara. An lalata yankin 1, biri ya kasa bambance kaushi. An lalata yankin 2, ya kasa bambance girma da siffa. An lalata 3b, duka biyun suka tafi. Ɗinkin hawa-hawa ake yi.

Malama_Fisiyo:
Baba, da girmamawa, tsanin nan naka ya bar hannu a kwance kamar faranti ana zuba masa abu. Hannu ba haka yake aiki ba. James Gibson a 1962 ya ba mutane 'yan ƙarafa masu siffa daban-daban, idonsu a rufe. Da aka danna musu a tafin hannu suna zaune shiru, wajen rabi kawai suka canka daidai. Da aka bar su su lalubo da yatsunsu, kashi 95 cikin ɗari. Hannun ɗaya ne, tsanin ɗaya ne, motsi ne ya bambanta.

Kuma motsin ba na kara-zube ba ne. Susan Lederman da Roberta Klatzky sun tantance shi a 1987. Ka ce wa mutum ya faɗi kaushin abu, zai goga yatsa gefe da gefe. Ka ce tauri, zai danna. Ka ce ɗumi ko sanyi, zai ɗora hannu ya tsaya cak. Ka ce nauyi, zai ɗaga ya jinjina. Girma da siffa a dunƙule, zai damƙe. Ainihin zubin abin, zai bi gefensa da kan yatsa. Ba wanda ya koya masa. Mai mabuɗin nan damƙa ya fara yi, ƙwaƙwalwa ta yi zato, sai ta tura ɗan ali ya je ya tabbatar da haƙoran. Tambaya take yi, hannu yana kawo amsa.

Baban_Lab:
Ban musa ba, Malama. Sai dai amsar da hannun ya kawo, ta tsanin nan za ta hau.

Malama_Fisiyo:
Za ta hau, amma akwai masu saukowa su tare ta. Zaruruwan da ke saukowa daga ɓawo zuwa talamus sun fi masu haurawa yawa, ka fi ni sani.

Injiniya_Karkarwa:
Ga gwajin da kowa zai iya yi yanzu, ya fi shekara dubu biyu, tun Aristotal. Ka ɗora yatsan tsakiya a kan ɗan ali su gicciya sosai, har kawunansu su yi ɗan cokali mai baki biyu. Ka rufe ido. Ka sa abu ɗaya mai zagaye, kamar 'yar ƙwallo ko gindin biro, a tsakanin kawunan, ka riƙa mirgina shi a hankali yana taɓa su biyun tare. Yawancin mutane abu biyu suke ji. Kan hanci ma yana yi, sai ka ji hancinka ya rabu.

Dalili: gefen ɗan ali na wajen babban yatsa da gefen na tsakiya na wajen yatsan zobe, a zaman yau da kullum ƙaramin abu ɗaya ba ya taɓa su tare. In an taɓa su tare, to abu biyu ne. Ƙwaƙwalwa ta san ka gicciya yatsun, amma wajen lissafa taɓin sai ta yi kamar suna inda suka saba. Abin da ke ɓata gwajin: gicciyewa ba ta kai ba, ko abin ya yi faɗi har ya taɓa cikin yatsun, ko an tsaya ba motsi, ko ana kallo. In kana kallo, gani ya kori ji.

Uwar_Tambaya:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Baba ya lissafa iri huɗu da na zafi da sanyi. Ina na jin jiƙa? Wanne ne ke cewa tsumma a jiƙe yake?

Baban_Lab:
Babu shi, 'yata. Fatar mutum ba ta da mai jin ruwa. Jiƙa haɗi ne: sanyi, da 'yar dannawa mai yaɗuwa, da yadda abu ke mannewa ko santsi in an goga. Madison Bentley ya nuna haka tun 1900. A sa yatsa cikin siririyar roba a tsoma a ruwa, ruwan bai taɓa fata ba amma mutum ya ce yatsansa ya jiƙe, kuma abin ya fi ƙarfi in ruwan mai sanyi ne. Shi ya sa tufa mai sanyi da ta bushe sarai take rikita mutum, sai ya rasa ko danshi ne ko sanyi. Ruwa mai ɗumin jiki kuma ba a cika jin jiƙarsa sosai ba.

Anti_Nas:
Wannan ya shafi jinya kai tsaye. Hannu cikin safar roba ba abin dogaro ba ne wajen tantance ko zanin gado ko bandeji ya jiƙe. Sanyi zai ce maka e, ruwa mai ɗumi zai ce maka a'a. A duba da ido.

Injiniya_Karkarwa:
Ga ɗan'uwan wannan, gwajin Barry Green na 1977. Kuɗin ƙarfe uku iri ɗaya. Biyu a firij na 'yan mintoci, ɗaya a bar shi da ɗumin ɗaki. A jera su, mai ɗumin ɗakin a tsakiya. Ɗan ali da yatsan zobe a kan masu sanyi, na tsakiya a kan na tsakiya, a sauke su lokaci ɗaya. Duka ukun za su yi sanyi. A ɗaga yatsun gefe, sanyin na tsakiya ya ɓace. Jin sanyi ba shi da kaifin nuna wuri, sai ya ari adireshi daga taɓi: yatsu uku sun sauka tare, to abu ɗaya ne, to sanyinsa ɗaya ne. Ɗalibi, ga yadda sanyin da yatsanka ɗaya ya ji ya zama sanyin mabuɗin gaba ɗaya.

Ɗalibi_Sabo:
"Sun sauka tare." Kenan lokaci ne zaren ɗinkin?

Injiniya_Karkarwa:
Babban zare ne. Ka san zomon fata? Frank Geldard da Carl Sherrick suka bayyana shi a 1972. Ana ɗaura 'yan na'urorin ƙwanƙwasa uku a hannu, ɗaya kusa da wuyan hannu, ɗaya wajen santimita 10 sama da ita, ɗaya kusa da gwiwar hannu. Ta farko ta buga sau biyar, ta biyu sau biyar, ta uku haka, duk da tazara iri ɗaya, wajen milisakan 50 tsakanin bugu da bugu. Abin da mutum ke ji ba wuri uku ba ne. Ji yake wani abu na tsalle ɗaiɗai daga wuyan hannu zuwa gwiwa, yana sauka har a fatar da ba na'ura a kanta. Bugu uku ma sun isa: biyu a ƙasa, ɗaya a sama, sai na biyun ya baro wurinsa ya matso wajen na ukun.

Inda ake kuskure wajen haɗa shi. In tazarar ta kai wajen milisakan 300, zomon ya mutu, kowane bugu ya koma gidansa. In bugun ya yi tsawo, wato na'urar ƙaramin inji ce mai jujjuyawa wadda ke ɗaukar lokaci kafin ta tashi da kafin ta tsaya, bugun zai narke cikin juna, don haka a nemi mai bugu gajere. In hannun na kan tebur mai tauri karkarwar za ta bi katako ta isa ko'ina, a sa soso a ƙasa. A toshe kunne, don ƙarar na'urar tana tona inda take. Kuma a kan yatsa tsallen gajere ne ƙwarai, a dantse da baya yake yin nisa, inda fata ba ta da tabbacin wuri.

Uwar_Tambaya:
Tsaya Injiniya. Bugu na biyu ya riga ya faru kafin na uku. Ta yaya na uku zai canza inda aka ji na biyu? Ƙwaƙwalwa ta koma baya kenan?

Gyara_Kayanka:
Ba ta koma ko'ina ba, kuma a guji wannan furucin don yana sa abin ya zama kamar tsafi. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, ba a rufe littafi a kan bugu na biyu nan take. Akwai ɗan taƙi na wasu ɗaruruwan milisakan da abin da ya biyo baya yake iya shiga lissafin. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: abubuwan da ke taɓa fata ba su cika gudu sosai ba, to bugu biyu da suka zo dab da juna tabbas kusa suke da juna. In fatar wurin ba ta da ƙwaƙƙwarar hujja, zato ya yi nasara. A 2006 Blankenburg da abokan aikinsa sun duba da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga yankin taɓi na farko ya motsa daidai gurbin fatar da aka ji zomon ya sauka alhali ba a taɓa ta ba. Wannan kuma ya ɗan taɓa tsanin Baba, don ruɗin ya sauko har matakin ƙasa.

Baban_Lab:
Ya taɓa shi, na karɓa. In ƙara muku hujja a kan lokaci da kaina. A ƙarshen shekarun 1980 a ɗakin gwajin Michael Merzenich an ɗinke yatsu biyu na biri suka zama kamar ɗaya. Bayan watanni aka duba yankin 3b, iyakar da ke tsakanin yatsun biyu a taswira ta goge, ƙwayoyi suna amsa wa duka biyun. Wato har iyakar yatsa da yatsa ba da tawada aka zana ta ba. Fatar da ake taɓawa tare ita ake ɗauka abu ɗaya.

Anti_Nas:
Tunda an ambaci tabbacin wuri, ga gwajin tsini biyu, wanda Ernst Weber ya fara rubutawa a 1834. A buɗe kilif ɗin takarda ya yi baki biyu, a auna tazarar da rula. Mara lafiya ya rufe ido. A riƙa taɓawa wani lokaci da baki ɗaya, wani lokaci da biyu, yana faɗin nawa ya ji. A kan yatsa lafiyayye yana raba milimita 2 zuwa 3, a tafin hannu wajen santimita 1, a baya sai an kai santimita 4 ko fiye.

Malama_Fisiyo:
Anti, alkaluman daidai ne, amma gwajin nan yana da saurin yaudara. In baki ɗaya ya riga ɗaya sauka ko da ƙiris, mutum zai ce biyu saboda lokaci, ba saboda wuri ba. In an danna har fata ta yi fari, an miƙe fatar kewaye, an tayar da maƙwabta. A sauke a hankali, a tsaya kafin fari ya fito. A kan yatsa bakunan su bi tsawon yatsan, kada su gicciye shi, don in sun gicciye za su iya faɗawa yankin jijiyoyi biyu na gefe da gefe, a ɓoye raunin ɗaya. A tallafe yatsan kada ya motsa. A fara da tazara mai faɗi a riƙa ragewa, kada a yi jeri mai tsari da za a iya cankewa, kuma a nemi amsa daidai bakwai cikin goma kafin a rubuta. A aikin gyaran hannu, ƙasa da milimita 6 a kan yatsa shi ake ɗauka lafiya. Bakin kilif ma yana da kaifi, a goge shi, in ya yi tsini ciwo kake gwadawa.

Dakta_Laka:
Bari in dawo da mu kan mabuɗi, don akwai cutar da ke amsa tambayar Ɗalibi kusan kai tsaye. Bayan shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa yankin bayan zirin taɓi, ana samun wanda ke jin auduga, yana jin tsinin allura, yana jin sanyi da karkarwa, amma in an sa masa mabuɗi a hannun sai ya juya shi ya juya, ya ce "ƙarfe ne, yana da sanyi, nan da kaifi-kaifi", ya tsaya nan. A mayar ɗaya hannun, nan take ya ce mabuɗi. Guntayen suna nan, ɗinkin ne ya warware.

Yadda ake gwadawa. Da farko a tabbatar jin farko yana nan, in babu shi gwajin ba shi da ma'ana. Ido a rufe, hannu ɗaya a lokaci guda, a fara da wanda ake zargi, kuma kada a bari ya miƙa wa ɗaya hannun. A zaɓi abin da ya sani, wanda ba ya ƙara: mabuɗi ɗaya, ba tarin mabuɗai masu kacau-kacau ba. In yatsunsa ba su da ƙarfin juya abu, mai gwaji ya juya masa. In maganarsa ta taɓu, kada a nemi suna, a ba shi abubuwa ya nuna irinsa da ido. Sai a rubuta lamba a tafin hannunsa da abu marar tsini, lambar tana fuskantarsa, a tambaye shi wace ce. Na ƙarshe, a taɓa bayan hannun dama, sai hagu, sai duka biyun tare. Akwai mai jin kowanne shi kaɗai, amma in an haɗa sai ɗaya ya ɓace masa, galibi na hagu in raunin a dama yake.

Ɗalibi_Sabo:
To Likita ai ka ba ni gaskiya. In lalacewar wuri guda tana warware ɗinkin, wurin shi ne ɗakin da nake nema.

Dakta_Laka:
Da wuri guda ne, da na ba ka. Amma kasa gane abu da hannu yana zuwa daga rauni a yanki na 2, yana zuwa daga rauni a yankin taɓi na biyu da kewayensa, yana zuwa daga talamus, har daga bayan laka. Ga kuma wanda aka yanke masa gadar da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu: a sa masa abu a hannun hagu ido rufe, ba zai iya faɗin sunansa ba, amma hannun zai lalubo shi daidai daga cikin tarin kaya. Ya gane ko bai gane ba? Hannun ya gane, bakin bai samu labari ba. In ka cire fis fitila ta mutu, ba ka tabbatar cewa a cikin fis ake yin haske ba.

Malamin_Bireil:
In sa baki daga ɓangaren rubutun makafi. Kowane gida ɗigo shida ne, biyu a faɗi uku a tsaye, tazarar ɗigo da ɗigo wajen milimita 2.5, tsayinsa wajen rabin milimita. Louis Braille ya rage su zuwa shida daga sha biyun tsarin da ya tarar, don gida ɗaya ya shiga ƙarƙashin kan yatsa ba sai an hau an sauka ba. Mai koyo yana ƙirga ɗigo, yana dannawa da ƙarfi, yana goga sama da ƙasa a kan harafi ɗaya. Duk ukun cikas ne, dannawa ma tana kwantar da ɗigon takarda. Abin da ake koya masa shi ne taɓi mara nauyi da tafiya a kwance ba tsayawa, daga hagu zuwa dama, hannu biyu in zai yiwu. In yatsa ya tsaya cak, harafin dusashewa yake. Gwani kuwa ba ya jin ɗigo, gajerun kalmomin da ya saba da su a dunƙule suke zuwa masa. Yatsu masu sanyi suna rage kaifi, a ɗumama hannu kafin darasi. Kuma Norihiro Sadato da abokansa sun nuna a 1996 cewa wanda ya makance da wuri, yankin gani na ƙeyarsa yana aiki yayin da yake karatu da yatsa. Ɗalibi, ɗakin naka ya ƙara nisa.

Gyara_Kayanka:
Malam, maganarka ta tuna mini da wani abu mai alaƙa da gwajin Aristotal. Yamamoto da Kitazawa, 2001: a taɓa hannun dama da na hagu ɗaya bayan ɗaya, a tambayi wanne ya riga. Hannu a miƙe, mutum yana cankewa ko da tazarar ba ta kai milisakan 100 ba. Hannu a gicciye, in tazarar ta gaza wajen milisakan 300 sai ya rikice, wasu ma su juya amsar gaba ɗaya. Sai an fassara "fatar dama" zuwa "ɓangaren hagu na sarari", kuma fassarar tana cin lokaci. Brigitte Röder da abokanta a 2004 suka gano waɗanda aka haifa makafi ba sa rikicewa da gicciyewar. Kenan ido ne ya koya wa taɓi wannan ɗabi'ar.

Uwar_Tambaya:
To me ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli? Ko wannan daban ne?

Malama_Fisiyo:
Gida ɗaya ne, 'yar'uwa. Duk umarnin motsi da ya fita, ana ajiye kwafinsa a hasashen abin da fata za ta ji, ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya tana da hannu a ciki, sai a rage ƙarfin abin da aka riga aka sani. Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith sun sa inji tsakanin hannun da ke motsi da tafin da ake shafawa. Da suka jinkirta shafar da milisakan 200 zuwa 300, cakulkulin ya dawo. Wannan ragin shi ke sa mai laluben aljihu ya ji mabuɗi, bai shagala da gogar yatsunsa da yadin aljihun ba.

Baban_Lab:
A nan ne har yanzu nake riƙe da nawa. Hasashe yana rage ƙara, yana zaɓar inda yatsa zai je, ban ƙi ba. Amma lanƙwasar kan mabuɗin da ke tsakanin babban yatsa da ɗan ali, sai an samu ƙwayoyin da ke jin yatsun biyu tare da kusurwar gaɓoɓinsu kafin ta zama siffa. Waɗannan kuwa an same su, an saurare su da siririyar wayar da ake zurawa cikin ƙwaƙwalwa, a yanki na 2 da abin da ke gaba da shi.

Malama_Fisiyo:
An same su a birin da ke damƙar abu, Baba. Damƙa kuwa motsi ce.

Ɗalibi_Sabo:
Na gwada na Aristotal sau uku da biro, ni dai ɗaya nake ji. Matsala ce?

Injiniya_Karkarwa:
Ba matsala ba ce, akwai waɗanda ba ya kama su da sauƙi. Ka canza zuwa yatsan tsakiya da na zobe, ko ka sa wani ya riƙe biron yana gogawa kai ido rufe, don in kai ke riƙe da shi ɗaya hannun yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa biro ɗaya ne. Biron ya shiga can cikin cokalin, ya taɓa gefen farcen kowanne. In ya kama, gwada kishiyarsa: da yatsun a gicciye, ka sa a taɓa gefensu na waje da biro biyu lokaci ɗaya, wato gefunan da a zaman yau da kullum suke fuskantar juna. Wasu biro ɗaya suke ji. Sharaɗin dai su sauka tare, in ɗaya ya riga ɗaya ko da kaɗan, za ka ji biyu.